Kwat Ɗin Farautar Baba Issahaku

"Wannan ma roba ne," in ji Baba Issahaku. Ya murza hannun rigar tsakanin yatsunsa, ya sunsuna, ya mayar da ita inda ya ɗauko. "Ka ji ƙaran da yake yi? Tsuntsu yana Dover zai ji ina zuwa."

"Baba, ita ce ba ta shan ruwa. Ita ake yayi yanzu."

"Waɗanda suke yayi su sa."

Tun safe muke zagayen shagunan gwanjo na Bexleyheath, waɗanda Turawa ke kai wa kayan da suka gaji da su a sayar a yi sadaka da kuɗin. Ba don ina goyon bayan abin na biyo shi ba. Matarsa ce, Mma Hamdatu, ta tare ni a bakin ƙofa ta ce in ban raka shi ba, shi kaɗai zai hau bas da wannan tari nasa. Ƙofarsu na kallon tawa a benen da muke haya a Abbey Wood. Mutanen zangon Kumasi ne su biyun, Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Tun da na tare a gidan nake cin tuwonta, ita kuma ni ke karanta mata duk wata takarda da aka turo daga council, wato ƙaramar hukuma.

Tarin ya sake kama shi a tsakiyar shagon. Ya dafa kanta, ya juya mini baya, ya tofa a hankici ya yi maza ya cusa a aljihu. Na riga na ga launin abin.

Wannan tari tun bazara yake fama da shi. Mma ta dafa masa citta da kanumfari, abokansa na masallaci suka kawo masa zuma da habbatus sauda, kowa ya ce Allah Ya sawwaƙe ya kama gabansa. Ni da na yi karatun kiwon lafiyar al'umma na san mutum ba ya tofar da jini don sanyi. Kullum da safe sai na kira GP, wato ofishin likitan unguwa, a ajiye ni a layi ina jin kiɗa, a ce an cika. Na rubuta koke, na je da ƙafata na tsaya a gaban matar da ke karɓar baƙi har ta gaji da ganin fuskata. Da ƙyar aka ba shi appointment da likitan huhu, Juma'ar ƙarshe ta Janairu.

Ranar da na kai masa albishir, sai ya ce, "Wannan Juma'a? Ina da farauta."

Ga yadda abin yake. Fiye da shekara ashirin, duk lokacin sanyi, wata mota kan zo da asuba ta kwashe shi zuwa wani daji na masu kuɗi a Kent. Can ake kiwon wani tsuntsu mai doguwar jela, Turawa na ce masa pheasant, shi kuwa Baba zabon Turawa yake cewa. Aikinsa kora. Shi da wasu su jeru su shiga cikin ƙaya suna dukan itatuwa da sanda, tsuntsayen su tashi su bi ta kan attajiran da ke tsaye da bindigogi a fili. Da yamma a ba kowane mai kora ɗan abin da aka ba shi, da tsuntsu biyu. A ƙarshen kakar farautar kuma akan ware rana guda a juya abin, masu kora su riƙe bindiga. Tsohon Baturen da ke kula da dajin bai taɓa gayyatar Baba ba. Bana ya yi ritaya, sabon da ya gaje shi ya ce Baba ya zo, zai ara masa bindiga ya tsaya kusa da shi. Sai dai ya shigo da shiga ta mutunci, don ranar ba a tsayawa a layi da rigar leda.

Shi ke nan abin da ya fito da mu. Kuma ba kowace shiga yake so ba. Irin ta dā yake nema, wadda ya tarar tsofaffin attajiran na sawa lokacin da ya fara: kwat na tweed, ulun nan mai kauri mai kaushi, da wando mai tsayawa a ƙasan gwiwa, da doguwar safa, da hula mai baki.

"Baba," na ce masa muna tafe a titi, "shekara ashirin kana kora musu tsuntsu kamar kare, sai yau suka tuna kai mutum ne, kuma kai har kana neman kayan da za ka yi musu kwalliya?"

"Ba su nake ma kwalliya ba."

"To wa?"

"Lauya," haka yake kirana in yana so ya ba ni haushi, alhali sunana Yelwa, "kai ka cika faɗa. Wa zai aure ka da wannan baki?"

A wani ɗan shago na bayan kasuwa muka samu. Matar da ke tsaron wurin, da ta ji abin da yake nema, ta shiga ciki ta fito da wata tsohuwar jaka. Ta ce wata ce ta kawo a makon nan, mijinta ya rasu, ko rataye su ba a yi ba. Komai na ciki: kwat mai launin gansakuka, an yi masa faci da fata a gwiwar hannu, wandon, safa, hula, har da nektaye mai zanen tsuntsaye. Warin kare da tsohuwar taba ya cika shagon.

Baba ya sa kwat ɗin. Ya yi masa yawa a kafaɗa, don ya rame ƙwarai. Ya buɗe ɓangaren ciki ya zura hannu cikin wani ƙaton aljihu da ya zagaya har baya.

"Ka gani? Nan ake sa tsuntsu. Mai wannan kwat ya shiga daji da gaske."

"Kayan mamaci ne fa."

"Kowane gwanjo kayan mamaci ne. Wani dai bai mutu ba tukuna."

Ya tsaya gaban madubi ya daɗe. Ya gyara hular, ya karkata ta, ya sake gyarawa. Ni ina tsaye da ledar magunguna a hannu, zuciyata na tafasa.

Da muka dawo bai bari an huta ba, ya saka kayan gaba ɗaya ya fito baranda yana takawa ɗai-ɗai. Mordecai, maƙwabcinmu na ƙasa, mutumin Kafanchan da ke tuƙin bas, ya hauro ya gan shi ya riƙe ciki don dariya.

"Ranka ya daɗe, Lord Issahaku na Kumasi. Ina dokin?"

"Yi dariya. Bana ba za ka ci nama na ba."

"Haba Alhaji, bayan duk amanar da ke tsakaninmu? Madam ta riga ta sayi yaji."

A wurin na fahimci abin da ban taɓa kula da shi ba. Duk tsuntsayen da ake ba Baba, ko ɗaya bai taɓa shiga tukunyar Mma ba. Wanda ya harbe su bai ambaci sunan Allah ba, ba a kuma yanka su ba, don haka mushe ne a wurinsa. Mordecai yake miƙa wa. Shekara da shekaru ƙamshin farfesun na hawowa daga ƙasa, shi yana cin ƙanzon shinkafa.

"Na tambayi Malam Nashiru," in ji Baba, yana nufin limaminsu. "Ya ce in ni na yi bismillah na harba, ya halatta. In na tarar shi da rai, in yanka. Wuƙa na tana nan." Ya buga aljihun kwat. "So ɗaya dai in ji yadda wannan abu yake a baki."

"Kamar kaza ne," in ji Mordecai, "sai dai ya fi ta girman kai."

Na ce, "To a je asibiti ranar Juma'a, a yi farautar baɗi."

Mma tana bakin ƙofa tana tsince wake a faranti, ko kai ba ta ɗago ba.

"Mma, ki yi magana mana. Ke ma kin ga hankicin."

"Na faɗa shi," ta ce. "Ya ji ne? Bar shi, Yelwa. Komai yana hannun Allah."

Wannan magana ita ke kashe mu. Na faɗa a ranar, zan kuma sake faɗa. Ba na jayayya da ikon Allah. Amma mun mai da shi bargon da muke lulluɓe lalacinmu da shi. Mutum na tofar da jini, likita na nan bas ɗaya tsakani, kyauta, an sha wuya an samo masa rana, sai kowa ya naɗe hannu ya ce a bar shi. Da ɗaya daga cikin dattawan masallacin nan ya zaunar da shi ya yi masa magana ta tsara da tsara, da ya ji. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Malam Nashiru ya ce in yi haƙuri, Alhaji ba yaro ba ne. Wani ya tambaye ni ko ni 'yarsa ce.

Na kira asibitin in ga ko za a matsar da ranar zuwa mako mai zuwa. Suka ce in an yi cancel, sai Afrilu.

Ranar Juma'a da sassafe na ji motar ta tsaya a ƙasa. Ruwa ake yi, irin siririn nan da ba ya ɗaukewa. Na buɗe ƙofa na same shi yana ɗaure takalmi, nektayen a wuya, Mma na tura masa burodi a aljihu. Na miƙa masa rigar ruwata.

"Ko wannan ka ɗora a sama."

"A kan wannan kwat?" Ya dube ni kamar na ce ya sa buhu a kan babbar riga ranar Idi. "Ulu ne. Tunkiya yana kwana cikin ruwa, ka taɓa ganin shi da lema?"

"Baba, ƙarfe goma ne appointment ɗin. Don Allah."

"Lauya, ka yi ƙoƙari. Allah Ya yi maka albarka." Ya dafa ƙarfen bene ya fara sauka, yana hutawa a kowane hawa. Na tsaya ina jin tarinsa har motar ta tashi.

Bayan magariba ya dawo. Kwat ɗin ya sha ruwa ya yi nauyin da sai da ni da Mma muka haɗu muka zare masa shi. Leɓɓansa sun yi toka-toka, haƙoransa na haɗuwa, amma bakinsa bai rufu ba. Ya ce ya ɓata harsashi har kunya ta kama shi. Bindigar ta doke shi a kafaɗa. Sai a kora ta ƙarshe, wani namiji ya taso ta saman itatuwa, ya yi bismillah da ƙarfi har Baturen da ke kusa da shi ya waiwayo, ya danna.

"Ya faɗo kamar buhu. Kare ya ruga, na ce a'a, a riƙe kare. Ni da ƙafa na na je. Na tarar yana motsi, na juya shi gabas, na yanka."

Ya sa aka kawo kwat ɗin, ya zura hannu a babban aljihun ya zaro shi. Ban taɓa ganin irinsa kusa ba. Wuya kore mai sheƙi, farin zobe, jiki kamar jan ƙarfe, jelar ta karye a aljihu.

Mma ta ce, "Kawo in fige, ruwa yana kan wuta."

"A'a. Ba haka ake yi ba. Rataye shi ake yi a sanyi, ya kwana huɗu-biyar, naman ya yi laushi. Sai Laraba."

"Wane irin ƙazanta ne wannan? Nama ya kwana da hanji a ciki?"

"Haka masu abin suke yi."

Na ce, "Baba, shekara ashirin kana jira. Ka ci abinka yau."

"Wanda ya jira ashirin, Laraba ba zai gagare shi ba."

Da kansa ya ɗaure shi da igiya a ƙaramar barandarsu ta baya, kusa da tsintsiya da bokiti.

Asabar ya wuni a kwance. Lahadi jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, numfashinsa na fita da ƙara. Na ce a kira ambulan, ya ce mura ce, Mma ta ce a bari a ga gobe, wani abokinsa da ya zo dubiya ya ce ai asibitin nan in mutum ya shiga ba ya fita. Litinin da safe ban tambayi kowa ba, na kira. Suna saukowa da shi a kujera, an rufe masa hanci da baki da robar oksijin, ya janye ta ya ce wa Mma, "Kar ka taɓa shi sai Laraba."

Likitar da ta gan shi matashiya ce, ba ta girme ni ba. Ta ce sanyi ya shiga huhun duka biyu, kuma a hoton sun ga wani ƙari da ya daɗe a ciki. Na tambaye ta, da ya zo ranar Juma'a fa? Ta ce ƙarin ba zai canza ba. Na ce sanyin fa? Ta duba takardar hannunta ta ce ba za ta iya cewa ba.

Laraba da safe Mma ta kwance tsuntsun ta fige shi, tana toshe hanci tana mita. Ta yi farfesu da citta da barkono irin nasu na zango, ta juye a fulas, ta naɗe da tawul. Muka hau bas.

Mun tarar an mai da shi wani ɗaki. Ya ƙara ƙanƙancewa a kan gadon. Idonsa biyu, da ya ga fulas ɗin ya ɗaga yatsa. Mma ta fara kwance tawul, sai nas ta shigo ta ce a'a. Ta nuna wata alama a saman gadon. Ba a ba shi komai ta baki, haɗiyarsa ta yi rauni, zai iya shaƙewa.

Na ce mata cokali ɗaya ne, romo kawai. Ta ce ba ta da ikon haka, sai likita. Na ce a kira likita. Ta ce yana zagaye, zai iso. Na bi ta har teburinsu. Na yi mata bayani da irin Turancin da suke girmamawa, na ce mutumin nan kowa ya san ba tashi zai yi ba, me ake tsare masa? Ta ce ta fahimta, ta kuma ce in rage murya. Babbarsu ta zo, ita ma ta fahimta. Duk sun fahimta. Na koma ɗakin na ce wa Mma ta ba shi kawai, ni zan tsaya a ƙofa.

"In ya shaƙe fa?" ta ce. "A ce ni na kashe shi? Mu jira likita."

Ta buɗe murfin ta kai fulas ɗin kusa da fuskarsa. Tururin ya hau kan robar da ke hancinsa ya yi hazo. Ban san ko ƙamshin ya ratsa ba. Ya lumshe ido, leɓɓansa suka motsa. Mma ta sunkuya ta saurara.

"Me ya ce?"

"Wai ya yi laushi?"

"Ki ce masa ya yi."

"Ban ɗanɗana ba. Shi zai fara."

Muka jira. Na fita na dawo ya fi a ƙirga. La'asar ta yi, Mma ta shimfiɗa mayafi a lungu ta yi salla. Tana sallamewa numfashinsa ya canza. Ta riƙe hannunsa tana maimaita masa kalmar shahada a kunne, a hankali, har ya daina. Likitan ya iso bayan nan da kaɗan, da takardunsa a hannu, ya ce yana ba mu haƙuri.

Washegari falonsu ya cika da maza, takalma har kan matakala. Ana jiran takardun asibiti kafin a sa lokacin jana'iza. Ina raba ruwa ina jin su. Kwana ya ƙare. Ba a wuce lokaci. Wanda ya ce asibiti ba a fita ya ce ai ya faɗa. Malam Nashiru ya yi addu'a, sannan ya ce a tattara tufafin marigayi a yi sadaka da su. Wani ya hango kwat ɗin rataye a ƙofar banɗaki, har yanzu bai gama bushewa ba.

"Wannan kuma wa za a ba? Sai dai a mayar wa Turawan."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Na ajiye tiren. Na ce, "Malam, da na zo wurinka ka ce Alhaji ba yaro ba ne. Duk wanda ke ɗakin nan ya ji tarin nan tun bazara. Wa ya kama hannunsa ya kai shi? Yau kuma kun sami bakin dariya."

Malam Nashiru ya ja carbinsa ya ce, "Yarinya, zafin rashi ne. Allah Ya ba mu haƙuri." Suka amsa da amin gaba ɗaya, suka shafa, wani ya ci gaba da maganar motar da za ta kai gawa. Mordecai, da ke tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya matsa ya ba ni hanya.

Na shiga kicin don kada su ga fuskata. Mma na ciki ita kaɗai. Ta fito da farfesun daga firji ta ɗumama, ta zuba a kwano biyu. Ta tura mini ɗaya da cokali.

"Zauna ka ci."

"Mma, ba zan iya ba."

"Shi ya harbi, shi ya yanka. Ba za a zubar ba."

Na zauna. Ta yi bismillah ta ɗauki cinya. Naman baƙi-baƙi ne, yana rabuwa da ƙashi tun kafin ta ja. Tana tauna a hankali, tana kallon taga. Daga falo ana jin muryoyin maza, wani sabon baƙo ya shigo ana sake gaisuwa. Can ta tsaya, ta kai yatsu biyu baki, ta zaro wata 'yar ƙwayar dalma ta harsashi da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Ta duba ta, ta goge da bakin mayafi, ta ajiye a gefen faranti. Ta ci gaba da ci.